DAGA SAYAR DA MOTOCI ZUWA LAMBAR ZINARIYA: LABARIN GERARD VAN VELDE

A Gombe, idan bazara ta kankama cikin watan Maris da Afrilu, ƙanƙara kaya ce ta saye. Akan aiki yaro daga Jekadafari ko Bolari ya je ya sayo dunƙule guda, ya nannaɗe cikin tsumma, ya sheƙo gida a guje tun ba ta narke masa a hannu ba. Ban da wannan, sai wadda kan zubo jefi-jefi tare da ruwan farkon damina, yara su fita suna tsinta. Saboda haka in aka ce wa mutumin Gombe akwai ƙasar da koguna da tafkuna suke daskarewa har jama'a su hau kansu su yi tsere, kuma akwai waɗanda wannan tseren shi ne sana'arsu, da shi suke ci da shi suke sha, ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauka tatsuniya ce.

Ƙasar kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijeriya. Ita ce Holan, wadda mata suka sani ta wajen atamfa, masu shayi suka sani ta wajen madarar Peak, 'yan kallon ƙwallo kuma suka sani ta wajen Clemens Westerhof da ƙungiyar Ajax, inda Tijjani Babangida ya riƙa tsere wa 'yan baya. A can, in an ɗebe ƙwallon ƙafa, da wuya a sami wasan da ya shiga ran mutane kamar tseren zamiya a kan ƙanƙara. Cikin gwanayen wannan wasa akwai wani mai suna Gerard van Velde, wanda labarinsa ya isa a ba ko wanda bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce girman bulo ba. Mutum ne da kashi 1 cikin 100 na sakan ya hana shi lambar yabo yana ɗan shekara 20, sa'an nan wani sabon takalmi ya zo ya kore shi daga sana'arsa ɗungum, har ya koma sayar da motoci. Da ya dawo, yana da shekara 30, sai ya yi gudun da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba.

ƘASAR RUWA

Holan ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, wani sashenta ma teku ta fi shi tudu, sai da aka gina ganuwa aka tare ruwa kafin a zauna. Ko'ina aka duba hanyoyin ruwa ne da aka haƙa, sun ratsa gonaki da garuruwa. A zamanin da, in hunturu ya yi tsanani, waɗannan hanyoyi sukan daskare, jiragen ruwa su tsaya cik, sai mutane su ɗaura wani siririn ƙarfe a ƙarƙashin takalmi, su riƙa zamewa a kai zuwa kasuwa ko ziyarar dangi. Abin da aka fara don larura shi ne ya rikiɗa ya zama wasa, har suka kafa masa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya tun cikin 1882.

Cibiyar abin ita ce lardin Friesland na arewacin ƙasar, lardin shanun madara, wanda can ne tushen kamfanin da ke yin Peak. A nan ne ake wani tsere mai suna Elfstedentocht, watau zagayen birane 11, mai tsawon kusan kilomita 200. Ya ɗara nisan Gombe zuwa Bauchi, kuma a yini guda ake gama shi. Ba a yinsa sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 15, shi ya sa tun da aka fara cikin 1909 sau 15 kaɗai aka samu yi. Rabon da a yi shi tun ran 4 ga Janairu, 1997, sa'ad da wani manomi, Henk Angenent, ya zo na ɗaya. Manyan gasanni kuwa sun koma cikin rufaffun zauruka inda inji ke daskarar da ruwa, mafi shahara cikinsu shi ne Thialf na garin Heerenveen.

Mutanen da suka tashi da irin wannan doguwar tafiya, ba mamaki dogon tsere suka fi ƙauna. Gwarzonsu Ard Schenk ya ci zinariya uku a wasannin Olamfik na Sapporo cikin 1972, a mita 1500 da 5000 da 10,000. Gajeren tsere kuwa, watau mita 500 da mita 1000, na Amurkawa ne da Rashawa da Jamusawa da mutanen Japan. An fara gasar duniya ta gajeren tsere cikin 1970, aka yi shekara 28 babu namijin Holan ko ɗaya da ya ci ta. Saurayin da ya zaɓi wannan fanni a wancan zamani ya zaɓi gefen gonar da ba a kai wa taki ne.

YADDA AKE TSEREN

Filin doguwar da'ira ce mai kewayen mita 400, kamar hanyar 'yan gudu da kan kewaye filin ƙwallo. Mutum biyu-biyu ake saki, ɗaya a layin ciki ɗaya a layin waje, kowane zagaye su musanya layi don kada wani ya ci ribar gajeriyar hanya. Amma fa ba da abokin tafiya ake tseren ba, da agogo ake yi. Kowa ya gama a rubuta lokacinsa, in duka sun ƙare a jera, mai ƙarancin lokaci shi ne zakara. Saboda haka wanda ya yi nasa gudun da wuri ba shi da abin yi sai ya koma gefe ya zauna, yana kallo ana ƙoƙarin rushe abin da ya gina.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin tsawonsa yakan kai santimita 40 ko fiye, kaurinsa kuwa milimita ɗaya ne da 'yan kai, bai fi bayan wuƙa ba. A kan wannan ne ƙato zai ɗora nauyinsa duka, ya lanƙwashe gwiwa, ya sunkuyar da ƙirji don kada iska ta tare shi, ya riƙa tura ƙafa gefe maimakon baya. In gudu ya kankama yakan wuce kilomita 50 a awa, gudun babur a kan kwalta ke nan, kuma da wannan gudun ake shiga kwana, inda kuskuren taku ɗaya kan wurgar da mutum ya bugi katifun da aka jera a bango. Mita 500 zagaye ɗaya ne da kwata, tashin farko shi ne rabin aikin. Mita 1000 kuwa zagaye biyu ne da rabi, kuma muguntarsa ita ce, ya yi tsawo ga mai gudun ƙarfi, ya yi gajarta ga mai son ajiye numfashi. A zagayen ƙarshe cinyoyi sukan ɗauki zafi kamar an zuba musu garwashi, mutum yana so ya miƙe tsaye, alhali kuwa miƙewar ita ce faɗuwarsa.

Na'ura ce ke ɗaukar lokaci, daidai sa'ad da tsinin ƙarfen ya taɓa layin ƙarshe. A irin wannan gudun, kashi 1 cikin 100 na sakan bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba. Bai kai taƙi guda ba ke nan.

NA HUƊU A ALBERTVILLE

An haifi Gerard van Velde ran 30 ga Nuwamba, 1971, a Wapenveld, wani ƙaramin gari na lardin Gelderland, kusa da birnin Zwolle. Ya tashi dogo ƙaƙƙarfa, kuma tun yana saurayi aka ga alamar shi ne zai cire wa Holan kitse a wuta a wannan fanni da ta daɗe tana jin kunya. Yana da shekara 20 aka tafi da shi wasannin Olamfik na hunturu a Albertville ta ƙasar Faransa, cikin watan Fabrairu na 1992. Waɗannan su ne wasannin Olamfik na ƙarshe da aka yi tseren a sarari, rana tana dukan ƙanƙarar, iska tana kaɗawa yadda ta ga dama.

A mita 500 ya zo na biyar, abin da ba laifi ga yaro sabon zuwa. A mita 1000 ne abin ya faru. Olaf Zinke na Jamus ya ci zinariya da minti 1 da sakan 14.85. Kim Yoon-man na Koriya ta Kudu ya bi masa da 14.86, Yukinori Miyabe na Japan ya ɗauki tagulla da 14.92. Van Velde kuwa 14.93 ya yi. Mutum huɗu ke nan da ratar da ke tsakanin na farkonsu da na ƙarshensu ba ta wuce taku guda mai kyau ba, uku suka hau dandamali aka rataya musu lamba, na huɗu ya tattara kayansa.

A wasa babu matsayin da ya kai na huɗu ɗaci. Wanda ya zo na goma ya san tun farko ba rabonsa ba ne, ya yi barcinsa lafiya. Na huɗu shi ne mai lissafin dare, yana tuna kwanar da ya buɗe da yawa da takun da ya yi jinkirin ɗagawa. Duk da haka mutane suka ce yaro ne, lokaci yana gabansa. Kuma ba a daɗe ba wata dama ta zo, domin hukumar Olamfik ta raba shekarun wasannin hunturu da na bazara, aka sake haɗuwa bayan shekara biyu kacal, a Lillehammer ta ƙasar Nowe cikin 1994. A can Dan Jansen na Amurka ya ci mita 1000 da minti 1 da sakan 12.43, sabuwar bajintar duniya. Van Velde ya dawo hannu rabbana.

TAKALMI MAI TAFI

Abin da ya kayar da shi ƙasa warwas daga baya ba mutum ba ne, kuma ba rauni ba ne. Daga ɗakin bincike na jami'a ya fito.

Takalmin da aka sani tun kaka da kakanni, ƙarfensa a ɗaure yake tam a gaba da baya, duk inda ƙafa ta yi nan ƙarfen zai yi. Wannan ya sa mai tsere ba shi da damar miƙe idon sawu ya tura da yatsu kamar yadda mai gudu a ƙasa yake yi, domin da zarar diddige ya ɗaga, tsinin ƙarfen zai caki ƙanƙara ya rage masa gudu, ko ma ya kifar da shi. Saboda haka babban abin da ake koya wa yaro shi ne ya danne wannan ɗabi'a, ya ɗauke ƙafa tun turawar ba ta ƙare ba. Gwani shi ne wanda ya fi kowa iya hana ƙafarsa abin da take so.

Wani malamin kimiyyar motsin jiki a jami'ar Vrije ta Amsterdam, Gerrit Jan van Ingen Schenau, ya duba wannan ya ga asara ce, ƙarfin ƙwauri yana tafiya a banza. Tun farkon shekarun 1980 shi da abokan aikinsa suka ƙera wani takalmi da ƙarfensa ke haɗe a gaba kaɗai, da mahaɗi mai buɗewa irin na ƙyauren ƙofa. In mutum ya tura, diddige ya ɗaga ya rabu da ƙarfen, ƙarfen kuwa ya ci gaba da kwanciya a kan ƙanƙara har turawar ta kai ƙarshe. Da an ɗauke ƙafa sai wani sifirin ya fizgo ƙarfen ya dawo ya bugi diddige, kamar yadda silifas ke yi wa mai sauri. Suka raɗa masa suna klapschaats, watau takalmi mai tafi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce fil, domin wani Bajamushe ya yi rajistar irinta tun 1894, sai dai ba wanda ya kula.

Su ma waɗannan malamai ba a kula su da wuri ba. Fiye da shekara goma manyan 'yan wasa suna kallon abin a matsayin wasan yara, don kuwa wanda ke cin gasa da tsohon takalmi ba ya ganin dalilin sake koyon tafiya. Matasa ne suka fara gwadawa, sa'an nan matan ƙungiyar Holan suka ɗauka a kakar 1996 zuwa 1997. Cikin Janairu na 1997 Tonny de Jong ta ci gasar Turai da shi, ta kayar da Gunda Niemann ta Jamus, wadda a lokacin ba a iya tunkararta. Daga nan sai aka yi rububi. Kafin shekara ta kewayo kowa ya canza, bajintocin duniya suka riƙa zubewa kamar ganyen kuka da kaka. Shi mai dabarar bai daɗe yana kallon amfaninta ba, ya rasu cikin 1998, 'yan makonni bayan wasannin Olamfik na Nagano.

Masu gajeren tsere su ne suka fi shan wuyar canjin, domin a tashin farko da gudu-gudu ake sassarfa a kan ƙanƙara, kuma ƙarfe mai buɗewa a ƙarƙashin diddige ba abin amincewa ba ne ga wanda bai saba ba. Waɗansu suka saba cikin 'yan watanni. Van Velde bai saba ba. Abin da ya shekara da shekaru yana hana ƙafarsa yi, shi ne yanzu ake so ta yi, kuma ƙafar ta ƙi. Kamar gwanin sukuwa ne a canza masa sirdi da likkafa ana gobe hawan salla. Ƙarfin yana nan, zuciyar tana nan, amma waɗanda jiya suke bayansa yau ƙeyarsu yake hange.

Bai sami shiga cikin waɗanda Holan ta tura Nagano ta ƙasar Japan cikin 1998 ba. Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri shi ne, shekarar ce gajeren tseren Holan ya yi tashin da aka daɗe ana jira daga gare shi. Jan Bos, ɗan lardinsu wanda ya girma da shekara uku da 'yan watanni, ya zama namijin Holan na farko da ya ci gasar duniya ta gajeren tsere, a Berlin. A Nagano kuma Ids Postma ya ci zinariyar mita 1000 da minti 1 da sakan 10.64, Bos ya ɗauki azurfa. An yi bikin da aka yi masa tanadi ba ya nan. Sai ya rataye takalmi, ya kama aikin sayar da motoci, yana da shekara 26 zuwa 27, shekarun da ɗan wasa ke kan ganiyarsa.

KOMAWA AJI ƊAYA

Ba a raba kifi da ruwa. Yana cikin sana'ar motoci ya riƙa shiga tseren dogon zango da ake yi a ƙasar, inda ake sakin mutane da yawa gaba ɗaya su yi zagaye 100 ko fiye. Ga mai gajeren tsere wannan ba fagensa ba ne, ba kuwa wanda zai sa ran ya yi fice. Amma akwai wani amfani a ciki. A mita 500 mutum ba shi da sukunin sauraron ƙafarsa, kafin ya ankara an gama. A zagaye 100 kuwa taku dubbai ne, ɗaya bayan ɗaya, ba agogon da ke tsaye a kansa, ba jaridar da ke jiran ta ga ya kasa. A irin wannan ne jiki kan manta tsohon karatu ya ɗauki sabo.

Sa'an nan sai Rintje Ritsma ya neme shi. Ritsma mutumin Lemmer ne ta lardin Friesland, gwanin gasar da ake haɗa tsere huɗu, gajere da dogo, wanda ya ci ta duniya sau 4, ta Turai sau 6. Mai irin wannan gasa yana bukatar wanda ya fi shi saurin tashi ya riƙa ja masa gaba wajen horo, don ya gyara mita 500 ɗinsa. Aikin da aka kira Van Velde ya yi ke nan, ya zama abokin horon wani. Mutumin da aka taɓa ɗauka shi ne fatan ƙasa ya koma zakaran gwajin dafi, kuma ya karɓa. A nan ne takalmin ya fara jin maganarsa. Sannu a hankali lokutansa suka riƙa sauka, har ya koma cikin masu neman gurbi.

Neman gurbi a Holan kuwa ba ƙaramin yaƙi ba ne. Guraben da ake ba kowace ƙasa kaɗan ne, gwanayen kuma sun yi yawa, har akan ce fita daga gwajin gida ya fi cin lamba a waje wuya. Ga Jan Bos, ga Erben Wennemars, duk samari ne da suka ƙware da sabon takalmin. Duk da haka ya sami shiga, a mita 500 da mita 1000, zuwa wasannin Olamfik na Salt Lake City ta ƙasar Amurka cikin 2002.

MINTI 1 DA SAKAN 7.18

Zauren da aka yi tseren yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,400 daga teku, ya ɗara Jos. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, ba ta tare mai gudu sosai, shi ya sa wurin ya yi suna wajen karya bajinta. Wanda kowa ya sa wa ido shi ne Jeremy Wotherspoon na Kanada, mai riƙe da bajintar duniya ta mita 1000, minti 1 da sakan 7.72, wadda ya kafa a wannan zaure ɗin watanni biyu kafin nan.

Aka fara da mita 500, wanda a lokacin sau biyu ake yi a haɗa lokutan. Wotherspoon ya yi tuntuɓe ya faɗi bayan 'yan takun farko, nasa ya ƙare nan take. Da aka haɗa lissafi ran 12 ga Fabrairu, Casey FitzRandolph na Amurka ya zo na ɗaya da sakan 69.23, Hiroyasu Shimizu na Japan na biyu da 69.26, Kip Carpenter na Amurka na uku da 69.47. Na huɗu shi ne Gerard van Velde, da 69.49. Bayan shekara 10, bayan motoci da tseren dogon zango da zaman abokin horo, ya dawo daidai inda ya tsaya, sai dai wannan karon kashi 2 ne maimakon 1. Da a nan labarin ya ƙare, da ba wanda zai ce masa bai yi ƙoƙari ba, kuma da ba wanda zai tuna da shi a wajen Holan.

Ran 16 ga Fabrairu aka yi mita 1000. A al'ada waɗanda aka fi sa wa rai su ake bari a ƙarshe, shi kuwa an sake shi kafin su. Ya tashi da ƙarfi, ya riƙe gudun a zagayen tsakiya, kuma a zagayen ƙarshe, inda cinyoyi ke cin amanar mai su, bai karye ba. Da tsinin ƙarfensa ya taɓa layi sai allo ya nuna minti 1 da sakan 7.18. Ya rage fiye da rabin sakan daga bajintar duniya, a wasan da ake rabuwa da kashi 1 cikin 100. Ya kuma rage fiye da sakan guda daga mafi kyawun lokacin da shi kansa ya taɓa yi. In aka lissafa, tun daga tsaye har ƙarshe gudunsa ya kama kilomita 53 da rabi a awa.

Sai zaman jira. Manyan suka riƙa fitowa biyu-biyu, kowa ya san lambar da zai kayar, kuma sanin nan kansa nauyi ne, domin wanda ya ga 7.18 a allo tilas ya tashi da gudun da ya fi ƙarfinsa, ya biya bashin a zagayen ƙarshe. Haka suka yi ta zuwa suna gazawa, har da Wotherspoon. Wanda ya fi matsowa shi ne Jan Bos, da 7.53, ya sake ɗaukar azurfa a bayan ɗan ƙasarsu kamar yadda ya yi a Nagano. Joey Cheek na Amurka ya sami tagulla da 7.61.

Da za a jera Van Velde na Albertville da Van Velde na Salt Lake City a layi ɗaya, da na biyun ya ba na farkon ratar fiye da mita 100. Gaskiya ne ba ƙarfinsa kaɗai ya kawo wannan ba: akwai rufin zaure, akwai siririyar iskar tudu, akwai rigunan zamani masu manne wa jiki, uwa-uba akwai takalmi mai tafi. Amma duk waɗanda suka tsaya a layi ran nan suna da waɗannan. Shi kaɗai ne cikin na gaba-gaba wanda takalmin ya taɓa kora gida.

A BAKIN FILI

Ya ɗan ƙara taɓa abin kirki bayan haka. Cikin 2003 ya zo na biyu a gasar duniya ta gajeren tsere a Calgary, a bayan Wotherspoon. Bajintarsa ta tsaya har Nuwamba na 2005, sa'ad da Shani Davis na Amurka ya yi 7.03 a wannan zaure dai na Salt Lake City. Wata guda bayan haka, a gwajin gida a Heerenveen, ya kasa samun gurbin zuwa wasannin Turin na 2006, bai sami damar kare lambarsa ba. Daga baya ya koma horar da masu gajeren tsere.

Da yawa sun bi ta hannunsa. Akwai Femke Kok, wadda ta ci gasar duniya ta mita 500 ta mata a 2023 da 2024 da 2025. Akwai kuma Dai Dai Ntab, haifaffen Amsterdam wanda mahaifinsa mutumin Senegal ne. Shi kuwa tashi kafin ƙarar bindiga ne ya sa aka soke shi a gwajin gida, ya rasa zuwa wasannin 2018 na Koriya ta Kudu, wasannin da Nijeriya ta fara shiga na hunturu. Daga bisani ya ci tagulla a gasar duniya ta 2021.

Amma ranar da ta fi kama da tarihin malamin ta riga waɗannan. Ita ce 10 ga Fabrairu, 2014, a Sochi ta ƙasar Rasha, ranar mita 500 na maza, tseren da namijin Holan bai taɓa cin zinariyarsa a Olamfik ba. Almajirinsa Michel Mulder, mutumin Zwolle, ya gama gudunsa na biyu yana kan gaba da sakan 69.312, ya koma gefe yana jira. Saura mutum biyu, ɗayansu Jan Smeekens ne, shi ma ɗan Holan, wanda ya fi kowa sauri a gudun farko. Smeekens ya ƙetare layi, allo ya nuna shi ne na ɗaya, ya ɗaga hannu yana murna. Ba a jima ba na'ura ta gyara lissafi, lokacinsa ya koma 69.324. Zinariya ta zama ta Mulder da kashi 12 cikin 1,000 na sakan, tagwayensa Ronald ya ɗauki tagulla, Holan ta kwashe lambobin uku duka. Smeekens ya karɓi azurfa, sai bayan shekara uku, cikin 2017, ya ci gasar duniya ta mita 500 a Gangneung.